Bayan an sallami majinyaci, wa zai mayar da shi bakin aiki?

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan halin da ma'aikaci ke shiga bayan ya tashi daga jinya. Mu dai mun iya dubiya. Ran da mutum ya kwanta, gefen gadonsa cike yake da kulolin abinci da "Allah ya ƙara sauƙi". Da zarar an sallame shi ya dawo gida yana dogara sanda, sai kowa ya kama gabansa, alhali a lokacin ne maganar cefane da kuɗin haya take tasowa.

Akwai maƙwabcina da ke aiki a wani kamfanin roba a nan Kano, inji ya datse masa yatsu uku na hannun dama. Kamfanin ya biya kuɗin ɗinki, shi ke nan. Da ya warke ya koma, mai gadi ya ce ya jira manaja, manaja ya ce ai an riga an sa wani a gurbinsa. Mutumin da daga ƙarar injin kawai yake gane cewa ya kusa lalacewa! Ba wanda ya yi tunanin a mayar da shi sito ya riƙa lissafin kaya, ko ya koya wa sababbin yara aiki.

Abin takaicin, akwai doka. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya mai kula da inshorar ma'aikata, kuma daga aljihunsa, ba daga albashin ma'aikaci ba. Daga nan ake biyan magani da diyya, har da taimaka wa wanda ya nakasa ya koma aiki ko ya koyi wata sana'ar. Sai dai akwai wa'adi: ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, kamfani ya kai wa NSITF rahoto cikin kwana 7, a nemi diyyar kafin shekara ta cika. Maƙwabcin nan nawa bai taɓa jin sunan asusun ba, ko takardar ɗaukar aiki ba shi da ita. Ita kuwa dokar ƙwadago, hutun rashin lafiya na kwana 12 kacal ta tanada a shekara da albashi. Wace karayar cinya ce take haɗewa a kwana 12?

Likitocinmu ma ina da roƙo a gare su, daga Asibitin Ƙashi na Dala har ƙananan asibitoci. Takardar "ya warke" ko "bai warke ba" ba ta wadatar. A rubuta abin da mutum zai iya: aikin zaune, rabin yini, kada ya ɗaga kaya mai nauyi sai bayan wata kaza, a bar shi ya riƙa zuwa gashin ƙashi. Da irin wannan takarda a hannu, manaja ba shi da bakin cewa bai san inda zai sa shi ba. Wanda ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki ma, sau da yawa kansa garau yake, hannu ne ko ƙafa ke buƙatar lokaci.

Su kuwa birkila da bakanike da ɗan Adaidaita Sahu, waɗanda sai sun fita suke ci, galibi ba su da kowa sai ƙungiyoyinsu. Tunda kullum ana yankar musu tikiti, me zai hana a ware wani abu domin wanda ya karye, ko a ba shi aikin rubuta lodi a tasha har ƙafar ta yi ƙwari?

Ina roƙon ku tura wakilinku ofishin NSITF ya tambayo mana yadda ake cike takardun nan da inda ake kai su, ku buga mana da Hausa.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano