Wasiƙa zuwa ga Mutari a Montiriyal

Damagaram, 14 ga Yuni 2025

Ɗana Mutari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mun yi layya lafiya. Tsadar rago bana ba a magana, amma Allah ya rufa asiri. An samu yayyafi sau biyu, har wasu sun fara shuka wajen Mirya, ni dai ina jira ruwa ya zauna tukuna.

Ƙanwarka Rakiya ta kunna mini saƙon muryar da ka turo mata, na sa ta maimaita shi har sau uku. Ka ce 'yan uwanka ɗalibai sun roƙe ka ka yi musu bayanin zaɓen da aka yi a Kanada ranar 28 ga Afrilu, kai kuma kana neman zillewa, don a watan Janairu ka bugi ƙirji ka ce masu ra'ayin riƙau za su yi wa kowa fintinkau, sai abin ya juye, yanzu abokanka suna kiran ka boka. Har ka ce masu ƙuri'ar jin ra'ayi 'yan damfara ne. Dariya na fara yi, sannan na ɗauko bik da takarda, don wannan kunyar na riga ka shan ta da shekara talatin.

Masu ƙuri'ar jin ra'ayi ba su yi maka ƙarya ba. A Janairu da gaske jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Pierre Poilievre tana gaba da tazarar kusan kashi 20 cikin ɗari. Hoton Janairu suka ɗauka, kai kuma ka rataye shi a bango ka ce hoton Afrilu ne. Tsakanin nan firaminista Justin Trudeau na jam'iyyar Liberal ya sanar da sauka ranar 6 ga Janairu, Donald Trump ya taso da harajinsa da zancen mai da Kanada jiha ta 51 ta Amurka, Mark Carney, shi ma ɗan Liberal, ya karɓi kujerar firaminista ranar 14 ga Maris. Wanda aka yi shekaru ana wasa wuƙa dominsa ya bar fili, ka ga dole faɗan ya sake kama. Shi kansa Poilievre kujerarsa ta depite ta suɓuce masa. Don haka duk ranar da za ka yi hasashe, ka liƙa masa kwanan wata, ka kuma faɗi abin da in ya canza maganarka ta tashi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

To ga tawa kunyar. A Fabrairun 1993, lokacin ina mushe a wata lakwal ta cikin Birni, aka yi zaɓen majalisa mai kujera 83. MNSD-Nassara ce ta zo ta ɗaya da 29, CDS-Rahama ta Mahamman Usman 22, PNDS-Tarayya 13, ANDP-Zaman Lahiya 11. Wanda ya tsaya a nan cewa zai yi MNSD ta ci. Amma sauran ukun da wasu ƙananan jam'iyyu sun haɗa kai a ƙawancen AFC, suka tara kujera 50, ta ɗayan ta koma adawa. A Maris Mahamman Usman ya kayar da Tandja Mamadu a zagaye na biyu, a Afrilu Mahamadu Isufu na PNDS ya zama firaminista. Ba ka ga Damagaram ba a daren nan, Mutari. Daga Zango har Garin Malam babu wanda ya runtsa.

Ba a yi shekara biyu ba bango ya tsage. A Satumbar 1994 Isufu ya yi murabus, PNDS ta fice da kujerunta, rinjayen shugaban ƙasa ya zube. Aka naɗa Sule Abdullahi firaminista, bai cika mako uku ba majalisa ta kayar da gwamnatinsa da ƙuri'ar yanke ƙauna. Ka ga gwamnatin marasa rinjaye ke nan, na gan ta da idona kafin in san sunanta. Shugaban ƙasa ya rusa majalisa, aka sa sabon zaɓe a Janairun 1995.

A majalisarmu ta gindin dogon yaro na rantse cewa ɓangaren shugaban ƙasa zai dawo da rinjaye mai kauri, har na ce in ban yi daidai ba zan raba ƙwaryar goro. Hujjata? Taron da na gani da idona. Ko'ina na juya, a kasuwar Dole, a tasha, a wurin suna, magana ɗaya ake yi. Wani tsoho mai sayar da shanu, Allah ya jiƙansa, wanda ke yawo har Tawa da Tilaberi, ya dube ni ya ce, "Mushe, kai kifin rijiya ne, Damagaram ba ita ce Nijar ba." Na ji haushi ƙwarai. Sakamako ya fito, 'yan adawa 43, ɓangaren shugaban ƙasa 40. Goro ɗari na saya, kuma tsohon nan sai da ya zaɓi fari.

Kai ma a rijiya kake, sai dai taka ta waya ce. Abokan karatunka da mutanen da kake bi a intanet ba su ne Kanada ba.

Sannan ko ka san yawan masu goyon bayan kowa a ƙasa baki ɗaya, ba ka gama ba, don can ba kamar namu na wancan lokaci ba ne da ake raba kujerun jiha bisa kason ƙuri'un kowace jam'iyya. Can mazaɓa ɗaya depite ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka, ko da ɗaya tak ya fi. Kuma an yi hakan kusa da kai, a Terrebonne, inda bayan an sake ƙirga aka ga ƙuri'a ɗaya ce tsakani. A tsari irin wannan, inda ƙuri'a ta zauna ya fi yawanta muhimmanci. A 2019 masu ra'ayin riƙau sun fi Liberal yawan ƙuri'u a ƙasa, amma kujera 121 suka samu, Liberal 157. Sun jibge ƙuri'unsu a Alberta da Saskatchewan, inda Liberal ba ta samu ko kujera ɗaya ba, sai dai cin mazaɓa da tazarar dubu talatin da cin ta da tazarar ɗari duk kujera ɗaya ce. Kamar manomi ne ya zuba takinsa duka a kuyya ɗaya. Dubi ma na bana: NDP, jam'iyyar 'yan hagu, da Bloc ta 'yan Kebek kowace ta samu wajen kashi 6 cikin ɗari, amma Bloc ta tashi da kujera 22 don ƙuri'unta a tattare suke wuri guda, NDP kuwa da nata ke warwatse ta tsira da 7. In za ka yi hasashe na gaskiya, ka bar mazaɓun da kowa ya san mai su, ka zauna kan waɗanda ke lilo, musamman na kewayen Toronto da na Kebek. Ko ƙwararrun da suke yin haka da kwamfuta, da yawansu sun ba Liberal rinjaye a kwanakin ƙarshe, sai ga ta ta tsaya a 169 cikin 343, alhali 172 ake nema. Shi ya sa mai hankali yake cewa "tsakanin kaza da kaza," ba ya tsayar da lamba ɗaya kamar kuɗin mota.

Yanzu abin da na fi so ka kai wa 'yan uwanka, don shi ne mutane suka fi jahilta. Suna zaton ranar zaɓe ake naɗa gwamnati. Ranar zaɓe majalisa ake haifa, gwamnati kuwa tana rayuwa ne muddin majalisar ba ta kayar da ita ba. A Kanada firaministan da ke kai yana nan daram har sai ya sauka da kansa ko majalisa ta janye amincewa, kuma inda aka fi gwada shi shi ne jawabin buɗe majalisa da kasafin kuɗi. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi bayan an gama ƙirga ita ce: su wa za su iya haɗuwa su kayar da shi, kuma suna son yin hakan yanzu?

Ɗauko kaye mu yi lissafi kamar a aji. Liberal 169. Kakakin majalisa daga cikinsu aka zaɓe shi, kuma ba ya kaɗa ƙuri'a sai an yi kunnen doki, saura 168. Ɗaya gefen: 144 na masu ra'ayin riƙau da 22 na Bloc da 7 na NDP da 1 ta masu kare muhalli, 174 ke nan. In duk suka tashi tsaye rana ɗaya, gwamnati ta faɗi. Amma in bakwai ɗin NDP suka kame hannu kawai, ba su ce e ba, ba su ce a'a ba, ya zama 168 da 167. Gwamnati ta sha. Ka ga shirun mutum bakwai yana iya riƙe ƙasa mai mutum sama da miliyan 40. A Suwidin ma doka ce: ana amincewa da firaminista muddin 175 cikin 349 ba su ƙi shi ba. A Janairun 2019 Stefan Löfven ya hau da e 115, a'a 153, masu kame hannu 77. Da na ji a rediyo na ɗauka mai karanta labarai ne ya yi tuntuɓen harshe.

Me zai sa ɗan adawa ya kame hannu? Tsoron zaɓe, ɗana, ba ƙauna ba. NDP ta rasa shugabanta Jagmeet Singh, wanda shi ma kujerarsa ta tafi, ba ta kuma kai kujera 12 da ake buƙata don a ɗauke ta cikakkiyar jam'iyya a majalisa ba. Wanda ya fito daga dambe da karyayyen hannu ba ya neman a sake buga kalangu gobe. In ka tambaye ni, yau 14 ga Yuni, ban ga wannan gwamnati tana faɗuwa nan kusa ba. Ka lura na sa kwanan wata.

Wanda bai da rinjaye yana iya kiran wata jam'iyya a raba ministoci, shi ne gwamnatin haɗin gwiwa, irin tamu ta 1993, amma 'yan Kanada ba su saba da ita a matakin tarayya ba. Sun fi son ciniki: ka tsaya mini a kasafi da ƙuri'ar amincewa, in yi maka abu kaza, ba tare da ka shigo gwamnati ba. Haka Trudeau ya yi da NDP a Maris 2022, aka biya su da shirin kula da haƙoran masu ƙaramin ƙarfi da makamantansa, har suka yaga yarjejeniyar a Satumbar 2024. Haka Theresa May ta yi a Birtaniya a 2017, bayan ta kira zaɓe da wuri don ta ga tana gaba da nisa, ta wayi gari babu rinjaye, sai da ta nemi depite 10 na DUP, wata jam'iyyar Ireland ta Arewa, da alƙawarin fam biliyan 1 ga Ireland ta Arewa. Wani kuma ba ya ɗaure kansa da kowa, kowace doka ya shiga kasuwa ya nemi mai sayarwa, yau wannan gobe wancan. Wanda ke shan ƙasa shi ne mai manta cewa rigar aro ce a jikinsa. Joe Clark ya hau kujerar firaministan Kanada a 1979 da kujera 136 cikin 282, ya riƙa tafiya kamar mai rinjaye, ya kai kasafi bai ƙirga masu tsaya masa ba, a Disamba aka kayar da shi 139 da 133. Wata tara ya yi, Pierre Trudeau, uban Justin, ya dawo.

Namu ya fi wannan ɗaci, don mu tsarin Faransa muka ɗauko, shugaban ƙasa da zaɓensa daban, majalisa da nata. Bayan zaɓen 1995 Mahamman Usman ya naɗa Amadu Sise, masu rinjaye suka ƙi shi suka kayar da shi cikin 'yan kwanaki, dole aka ba Hama Amadu. Sai zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa, har taron ministoci ya zama abin jayayya, mu kuma malamai muna ƙirga watannin albashin da muke bi. Ranar 27 ga Janairun 1996 Ibrahim Bare Mainasara ya karɓe mulki ta hanyar juyin mulkin soja. Bambancin kujera uku ne, Mutari, daidai da abin da Carney ya rasa. Har yau in na ji an ce gwamnatin marasa rinjaye ta faɗi a wata ƙasa, aka koma rumfar zaɓe, kowa ya tafi aikinsa washegari, nakan yi shiru in daɗe ina tunani.

Ka je ka yi musu bayanin. Ka fara da faɗin cewa ka yi kuskure a Janairu, kafin wani ya tuna maka, za ka ga masu kiran ka boka sun rasa abin faɗi. Kuma ka tuna baƙo kake a ƙasar mutane: ka fahimci siyasarsu, ka bayyana ta, amma kada ka ɗauki faɗansu a ka, karatu ya kai ka. In an ɗauki maganar a waya ka turo wa Rakiya, 'yan majalisar dogon yaro da suka rage suna so su ji ko ɗan Mushe ya fi ubansa iya lissafi.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka kira ranar Juma'a bayan sallar isha'i ta nan, kada ka sake tashin ta tsakar dare da lissafin agogonku. Ta yi maka kilishi, tana neman mai tafiya. Na ce mata ba za a bari a shiga da nama ba a filin jirginku, ta ce wannan ma hasashe ne.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Mahaifinka