Budaɗɗiyar wasiƙa ga hukumar New York Mets: laifinku ba a gwiwar Díaz yake ba

Zuwa ga mai ƙungiya, Steve Cohen, da shugaban harkokin wasa, David Stearns.

Bayan gaisuwa mai yawa. Ranku ya daɗe, ina cikin Hausawan Bronx ƙalilan da suke goyon bayan Mets alhali gidan Yankees na bakin ƙofarsu, kuma na zo da kuka ne kan kakar besbol ta 2023.

Ba wanda zai ɗora muku laifin abin da ya faru a Miami ranar 15 ga Maris. Puerto Rico ta ci Jamhuriyar Dominika 5 da 2 a gasar besbol ta duniya, Edwin Díaz, mai jifanmu da ke rufe wasa a zagaye na tara, wato na ƙarshe, ya rufe wa Puerto Rico wasan, ana cikin tsalle-tsallen murna jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke. A keken marasa lafiya aka fitar da shi, ƙaninsa Alexis na hawaye. Wannan ƙaddara ce. Watanni huɗu kafin nan kuka ba shi kwantiragin shekara 5 kan dala miliyan 102, kuma ya cancanta, domin a 2022 ya fitar da masu bugu 118 cikin zagaye 62, ya tsare nasara 32, wato wasannin da ya rufe muna gaba bai bari an ƙwace ba. Duk wanda ya taɓa jin busar ƙahon da ke raka shigowarsa a filinmu na Citi Field ya san idan Díaz ya fito, wasa ya ƙare.

Kukana a kan abin da kuka yi bayan raunin ne. Saura mako biyu a fara kaka, kuna da ƙungiyar da ta ci wasa 101 a 2022, kuna biyan albashin da ya haura dala miliyan 300, wanda kafin lokacin ba a taɓa ganin irinsa a wasan nan ba. Manyan masu fara jifa, Verlander da Scherzer, kowanne yana karɓar sama da miliyan 43 a shekara. Har rahotanni suka tabbatar inshorar gasar ce za ta biya albashin Díaz. Sai kuka zauna. Kun sayi doki na sarauta, kuka tsaya taya linzami.

Na san amsar da ake bayarwa: ai akwai David Robertson. Gaskiya ne, dattijon ya yi aiki, ya tsare nasara 14 kafin ku sayar da shi. Amma don zagaye na takwas aka kawo shi. Da aka matsar da shi na tara, sai masu jifa Ottavino da Raley suka matsa su ma, aka bar giɓi a na shida da na bakwai, kuma duk ranar da ɗayan ukun nan ya gaji, giɓin ya faɗo har na takwas. Abin da kuka cike shi da shi kuwa su ne waɗanda wasu ƙungiyoyi suka sallama, irin su Dennis Santana da Dominic Leone. Ban raina su ba, neman abincinsu suke yi. Sai dai ba a kansu ake jingina kakar da aka kashe wa wannan dukiya ba.

Ku tuna 25 ga Yuni a Philadelphia. Muna gaba 6 da 3 aka shiga zagaye na takwas. Kocinmu Buck Showalter ya ajiye Robertson yana jiran na tara, ya turo Josh Walker, sannan Jeff Brigham. Phillies suka ci maki huɗu da bugu ɗaya tak mai kyau. Sauran duk kyauta muka ba su: jifa a waje, jifan mai bugu a jiki har sau biyu, da kuskuren mai tsaron kusurwa ta uku. Aka tashi 7 da 6, Robertson bai jefa ƙwallo ko ɗaya ba. 'Yan jarida sun yi ca a kan Showalter, ni ma ban wanke shi ba, amma wa kuka ba shi da zai tura? A farkon watan ma haka aka yi a Atlanta, wasa uku a jere muna gaba da tazarar maki uku ko fiye, duka aka ƙwace. Yuni ya ƙare da nasara 7, rashin nasara 19.

A ranar ƙarshe ta watan Texas Rangers suka karɓo mai rufe wasa Aroldis Chapman daga Kansas City. Sun biya da tsada, don Cole Ragans da suka bayar ya zama abin kallo kafin kaka ta ƙare. Musaya tana da farashi, mu ma mun sani, Jarred Kelenic muka ba Seattle a 2018 kafin Díaz ya zo. Amma Texas ce ta ɗaga kofin 2023. Ku kuwa sai farkon Yuli kuka motsa, kuka kawo Trevor Gott, lokacin ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Ƙarshen watan kuka miƙa Robertson ga Miami, abokiyar hamayyarmu a rukuni ɗaya, kan yara biyu 'yan shekara 18 da 19. Scherzer da Verlander suka bi bayansa. Muka gama da nasara 75, rashin nasara 87, Atlanta ta ba mu ratar wasa 29.

Ban ce a Maris ku kwashe yaranku masu tasowa ku kai wa wani don mai rufe wasa mai suna ba. Masu jifa biyu amintattu na tsakiyar wasa sun isa, kuma ba su kai wannan tsadar ba. Ban kuma ce su kaɗai za su ceci kakar ba, manyan masu fara jifa ma sun gaza. Amma wannan ɓarakar kowa ya gan ta tun daga Maris.

Malam Stearns, kai ba ka nan lokacin, a Oktoba ka zo, don haka roƙo nake yi maka. Díaz zai dawo a 2024 bayan shekara guda bai yi jifa a gasa ba, kan gwiwar da aka yi wa tiyata. Robertson ya tafi, Ottavino ya ƙi sabunta zamansa. Kafin a buɗe sansanin atisaye a Port St. Lucie cikin Fabrairu, ku kawo mutum biyu da kowannensu zai iya riƙe zagaye na tara idan gwiwar ta sake motsawa, kuma ku fito ku faɗa wa magoya baya ko su wane ne.

Naku,
Wani magoyin bayan Mets, Bronx
Nuwamba 2023