Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Maganar "Haka Mata Suke"

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da iyalinka. Yayarka ta gaya mini abin da ka faɗa ranar da ta je sasanta ku kai da matarka, wai "ai haka mata suke, a bar su su yi ta zuba." Tun ranar barci ya ƙaurace wa idona.

Ban ce babu ƙamshin gaskiya a irin wannan zance ba. Sau da yawa mace idan ta kawo damuwarta kunne take nema, namiji kuwa sai ya yi wuf ya kawo mafita tun ba ta kai aya ba. Idan sanin haka zai sa ka ajiye wayar nan ka dubi fuskarta har ta gama, to ya yi amfani. Iyakarsa ke nan.

Batun surutu kuwa, an gwada. A wani bincike da aka wallafa a 2007, wanda wani malami a Jami'ar Arizona ta Amurka ya jagoranta, an ba ɗalibai kusan 400 'yar na'urar ɗaukar murya suna yawo da ita, aka tarar maza da mata duk kalmomi kusan 16,000 suke furtawa a yini. Kai ma shaida ne. Babanka, Allah ya jiƙansa, shi ne mai zance a gidanmu, ni sai a wuni ban ce uffan ba.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da yarinyar nan za ta yi shiru. Ka ga Gwaggonka. Kowa cewa yake ƙorafin mata ne, har ta daina faɗa, sauran kuma ka sani. Macen da ta gaji da maimaita magana ba ta rigima, sai "to" da "ba komai", kai kana murna an zauna lafiya alhali ta riga ta cire ka daga ranta. Wannan nake hango maka, shi ya hana ni sukuni.

Ba haka na raine ka ba! Yaushe na taɓa cewa "haka maza suke" lokacin da kake zuwa mini da kuka? Zama nake in ji abin da ke damun ka, kai ɗin nan. Ita ma mutum ɗaya ce, da halinta, da abin da take nufi idan ta ce ta gaji.

Na san kana son ta, na kuma san aiki ya yi maka yawa. Ka tambaye ta a hankali, shawara take so ko saurare. Idan ka kira ranar Juma'a ka ba ta wayar mu gaisa. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka