Uwata, Ki Nuna Musu Da Idonsu

Tudun Wada, Kaduna

Uwata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ɗalibai? Mamanki ta ce mako mai zuwa za ki shiga darasin maganadisu da lantarki, kuma makarantar ba kayan gwaji. Kada hakan ya ɗaure ki a jikin allo. Ina roƙonki ki nuna musu abin da idonsu kafin ki rubuta lissafi ko layi ɗaya.

Na shiga kasuwar Panteka na samo miki maganadisun tsohuwar lasifika da guntayen waya, suna hannun direban Zariya. Ki sayi batirin tocila, ki yanko siririyar takardar alminiyam, ki rataya ta sako-sako dab da maganadisun. Ki bar ɗaliban su ƙura mata ido. Ba za ta motsa ba, alhali cike take da ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki. Sai ki haɗa bakunanta biyu da batir ta hanyar wayar, nan take za ta zabura gefe. Ki juya kan batirin, ta zabura ɗaya gefen. Taɓawa kawai za ki yi ki saki, don batirin saurin zafi gare shi.

A nan nake so ki daɗe. Yara za su ce maganadisu ne ya jawo ta, kamar yadda yake jawo ƙusa. Ba haka ba ne. Cajin da ke tsaye, maganadisu ba ruwansa da shi. Sai cajin ya kama tafiya maganadisu yake tura shi, kuma turin ta gefe yake zuwa, yana gicciye hanyar tafiyar da kuma layin ƙarfin maganadisun. Shi ya sa ba ya ƙara wa ilektiron gudu, ba ya rage masa, akalarsa kawai yake juyawa, har ya iya sa shi yin da'ira. Da irin wannan karkatarwa J.J. Thomson ya gano ilektiron a Ingila a 1897. Turin nan ne kuma ke juya fankar da ke saman ajinku, ki nuna musu ita.

In wani ya kawo tsohuwar talabijin mai kwalba, maganadisu zai murɗe hotonta, abin gwanin sha'awa, sai dai yakan bar tabon launi a kan mai kala. Amma don Allah kada kowa ya buɗe bayanta. Wutar cikinta takan haura bolt 20,000, kuma tana iya zama ko an cire soket.

Ki sa 'yan matan ajin su riƙe wayar da hannunsu, kada mazan su mamaye teburin.

Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Babanki