Mun Ga Kofi, Saura a Nuna Mana Wasan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida mai farin jini in taya yaran garinmu murna, in kuma amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da wasan daɓe a Arewa.

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasan garinmu ta je gasar da aka shirya tsakanin ƙungiyoyin shiyyarmu, kuma Allah Ya ba ta sa'a ta dawo da kofin na ɗaya. Ban ga labarin a jarida ba, ban ji shi a rediyo ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya, kuma yawancin yaran nan ta hannuna suka bi. Kada a ce na ci gumin wani, ba ni na koya musu wasan ba. Aikina bai wuce in karɓo musu makullin aji daga wurin hedimasta bayan la'asar, in zauna a bencin baya don iyayen 'yan matan da ke ciki su samu kwanciyar hankali.

Babu ɗan wasan sana'a ko ɗaya a cikinsu. Akwai tela, akwai mai gyaran waya, akwai ɗan acaɓa, akwai ɗaliban kwalejin horon malamai, sai wata yarinya mai sayar da awara wadda ita ce ta fi kowa haddar magana. Labulensu zannuwan gado ne da telan ya harhaɗa. In magariba ta kawo jiki ba su gama gwaji ba, bayan sun yi salla sai a kunna fitilun waya a jingina a jikin taga a ci gaba.

Wasan da ya ciyo musu kofin a kan bashin taki ne. Manomi ya rasa kuɗin taki da damina, sai ya je wurin wani mai hali ya karɓi buhu, da sharaɗin zai biya da masara idan kaka ta yi. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar Zazzau ya san ƙarshen irin wannan ciniki. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin awo. Telan nan ne ya fito a mai ba da bashin, ya cusa matashin kai a cikin riga ya yi tumbi, ya zauna a kan buhu yana jan carbi da hannun dama, yana awo da na hagu. Tiyarsa kuwa an bubbuge gindinta ta yi zurfi. Kowane awo sai ya tsaya ya yi wa manomin nasiha a kan riƙon amana, sannan ya ƙara tozo da tafin hannu. Manomin bai ce uffan ba, idonsa na kan tiyar kawai. Matarsa ce daga bayan zana take ƙirgawa a hankali, tana ambaton abin da kowace tiya ta tafi da shi: wannan kuɗin makarantar yaro, wannan maganin tsohuwa, wannan zanen salla. Na sha ganin wurin nan a gwaji, amma kullum sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

To, madalla da su. Allah Ya yi musu albarka, Ya ƙara basira.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Ranar da suka dawo an tarbe su tun daga tasha, 'yan acaɓa suna ta hon, an zaga gari da kofi, an ɗauki hotuna an watsa a Facebook. Manya sun yi jawabi, an sha lemo, an watse. Kofin yana nan a cikin kabad, ana goge shi. Amma mutanen garin da aka yi wasan a kansu, manoman da ake aune musu masara da waccan tiya, har yau ba su ga wasan ba. Waɗanda suka gani su ne alƙalan gasa, da sauran ƙungiyoyin da suka zo takara, da 'yan tsirarun manyan baƙi da suka iso a makare suka tashi kafin a gama. Zauren taro ɗaya da muke da shi kuɗin hayarsa na masu biki ne, yaran ba su da shi. Filin makaranta kuwa ba lasifika, ba wuta. Wace irin murna ce wannan, gari ya san an ci kofi amma bai san da me aka ci ba?

Da can ba haka abin yake ba, kuma ba sai an je nesa neman misali ba. A nan kusa da mu, a Samaru ta Zariya, a tsakiyar shekarun 1970, Jami'ar Ahmadu Bello ta gina wurin wasan kwaikwayonta da jar ƙasa, a siffar gidan Bahaushe, da ɗakuna zagaye da tsakar gida a buɗe. Duk wanda ya shiga ba zai ji baƙunta ba, domin ya san irin ginin tun daga gidan kakansa. Malaman sashen wasan kwaikwayo na wancan lokaci, irin su Michael Etherton, ba su tsaya jiran mutane su zo jami'a ba. Sun kwashi ɗalibai sun shiga ƙauyuka, Soba da Maska da Bomo, suna zama da manoma suna jin kukansu, su mayar da shi wasa, su yi a dandalin garin, sannan a zauna a tattauna da 'yan kallo. Daga baya irin su Farfesa Oga Steve Abah suka ɗora a kai har abin ya yi suna a wajen Najeriya. Babu kofi a waɗannan wasanni, amma wanda aka yi dominsa yana zaune a gaba a kan tabarma, kuma in an yi kuskure a nan take zai ɗaga murya ya gyara.

Ta wajen gasa kuma, 'yan'uwanmu na Nijar sun riga mu gano bakin zaren. A zamanin shugabansu Seyni Kountché, daga 1976, suka fara bikin matasa na ƙasa, aka buɗe da Damagaram. Kowace shekara sai a kai shi babban garin wata jiha, ba a dasa shi a Yamai ba. Ƙungiyoyin matasa da ake kira samariya suna fara karawa tun daga unguwa da ƙauye, wanda ya yi nasara ya wuce gaba, har a fitar da waɗanda za su wakilci jiha a wasan kwaikwayo da rawa da waƙa. Ka ga kafin wasa ya kai gaban alƙalan ƙasa, mutanen garinsa sun gan shi, sun yi dariya, sun yi gardama a kansa a majalisa. Garin da aka kai wa bikin kuma yakan tashi da wurin taro da ya rage masa bayan baƙi sun tafi. Na san gwamnatin soja ce, kuma tana da nata buƙatun a cikin abin, ba na musu. Amma a wannan yanayi ne wasan Hausa na Damagaram ya bunƙasa, har sunan ɗan wasa Yazi Dogo ya ƙetaro iyaka ya iso mana.

Mu ma muna da namu bikin al'adu na ƙasa, NAFEST, wanda aka faro a 1970 bayan yaƙin basasa don a ɗinke ɓaraka. Yana zagayawa jiha-jiha, ya zo Kaduna a 2017, ya zo Jos a 2020, kuma ana gasar wasan kwaikwayo a cikinsa. Sai dai wakilan jihohi ke zuwa, galibi 'yan wasan hukumomin al'adu. Tela da mai awara na wani gari a bayan Zariya ba su da ƙofar shiga. Tsakanin wancan babban biki da ajin firamaren da yaranmu ke gwaji a ciki akwai wawakeken rami, kuma 'yan ƙananan gasanni irin wanda suka je, yau a yi, baɗi a manta, ba za su cike shi ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka yi wa tushe riƙon sakainar kashi. Kusan kowace shekara ana taron karrama 'yan fim a manyan otal, ana raba kyaututtuka, jaridu suna cika shafi da hotuna. Ba na baƙin ciki da su. Amma daga ina fim ɗin ya fito? Fim ɗin bidiyo na Hausa da ake lissafawa a matsayin na farko, wanda ya fito a Kano a 1990, ƙungiyar wasan daɓe ce ta yi shi, Tumbin Giwa. Kafin su akwai su marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, waɗanda suka riƙe gidajen rediyo da talabijin na Kaduna shekara da shekaru. In ka ƙara ja da baya za ka tarar da Malam Aminu Kano yana rubuta wa 'yan makaranta wasanni, da Ɗan Masanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule yana harkar wasan kwaikwayo tun yana malamin makaranta. Su waɗannan ba su ɗauki abin a matsayin shashanci ba. Ina faɗin haka ne saboda masu tare ni a hanya suna cewa, Malam, da girmanka kake bin yara wasan banza? Al'ummar da yaranta ke fita tashe daga goma ga azumi, suna kwaikwayon mai rowa da malalaci da tsoho mai gemu a ƙofar kowane gida, ba ta da bakin cewa kwaikwayo baƙon abu ne.

A Jos akwai ƙungiyar Jos Repertory Theatre da Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997, kuma ta daɗe tana shirya bikin wasannin daɓe a garin, ba tare da ta jira gwamnati ta ce a yi ba. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne a Arewa in an samu masu naci.

Don haka ina kira ga masu shirya irin wannan gasa, da sarakunanmu, da masu hannu da shuni da ke son a ambaci sunansu a wurin alheri. A kafa gasar shiyya tsayayya wadda kowa ya san lokacinta, kuma a sa ta bayan girbi, lokacin da mutane ke da sukuni da ɗan abin sayen gyaɗa a aljihu. Ta riƙa zagayawa gari-gari, kada ta maƙale a babban birnin jiha. Sharaɗin farko ga duk ƙungiyar da za ta shiga ya zama ta fara nuna wasanta a garinsu, a fili, kowa ya gani. Wadda ta ci kuma a ɗauki nauyinta ta kai wasan garuruwan da ta kayar, domin su ma su ga abin da ya fi nasu, su daina zargin alƙalai.

Maganar alƙalai ma abin dubawa ce. A sa malaman jami'a, sun san aikin, amma a haɗa su da tsofaffin 'yan wasan rediyo da ke zaune a gida ba mai tuna su. Wanda zai yanke hukunci a kan wasan Hausa ya kamata ya san inda habaici ya dosa, ya san bambancin zambo da ba'a, kada ya tsaya duba kyan riga da tsadar kayan ado. Da tsadar kaya ake ci, da yaranmu masu zanen gado ba su kai ko'ina ba.

Ita kanta kyautar a sake mata tunani. Kofi yana da daɗin ɗagawa, amma ba ya magana a filin makaranta. A ba ƙungiya lasifika da makirufo, da fitilu masu aiki da hasken rana, ko ƙaramin janareta. Waɗannan su ne za su sa a yi wasa na biyu da na uku. Kuma kada a tsaya kan jarumi da jaruma kamar yadda 'yan fim ke yi. Wanda ya tsara labarin, da wanda ya ɗinka labule, da yaron da ya nemo tsohuwar tiya ya zauna ya bubbuge ta da guduma har ta yi daidai, duk a kira sunansu a gaban jama'a.

Ku ma 'yan jarida akwai naku kason. Ranar 27 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar wasan kwaikwayo ta duniya, amma takan wuce shiru a shafukanmu na Hausa. Ko shafi guda ne a wata, a ware wa ƙungiyoyin wasan daɓe na garuruwa da makarantu. A aiko wakili ya zauna ya kalla, ya rubuta abin da ya gani, in da gyara ya faɗa ba sani ba sabo. Yabo kawai ba ya gina ɗan wasa, kuma yaranmu ma suna da inda ke buƙatar gyara: ƙarshen wasansu ya yi tsawo, sun sa mai gari ya yi dogon wa'azi a kan abin da 'yan kallo suka riga suka fahimta tun a wurin awo. Na faɗa musu, wasu sun yarda, wasu sun ce tsufa ne.

Mu dai a namu ɓangaren mun fara abin da za mu iya. Mun je mun gai da hakimi, ya amince a yi wasan a ƙofar fada ranar kasuwa da yamma, da zarar an gama shigar da amfanin gona. Wani mai shagon hayar kayan biki ya yi alkawarin aron lasifika, matasan unguwa za su ɗauko bencina daga makaranta, za a ware wa mata gefensu. Ba kuɗin ƙofa, sai dai za a zaga da faranti ga mai niyya, abin da aka samu a sayi yadin labule na gaske. In lokacin ya matso zan aiko maka da rana, kuma muna fatan ganin wakilinka.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
daga ƙasar Zazzau.