Baba Fasto, siyasa ta bi ni har teburin Ubangiji

Baba, ina gaishe ka a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya hidima, yaya Mama da yara? Na daɗe ina sauraron shirinka, ban taɓa zaton wata rana tawa matsalar za a karanta ba. Don Allah a sakaya sunana.

Ni 'yar zumuntar mata ce a wata ikilisiya a kudancin garin Kaduna. A Tudun Wada aka haife ni, rikicin shekarar 2000 ne ya sa muka tsallako kogi, kamar dubban mutane. Na faɗi wannan ne don ka gane irin zuciyar da na shiga zaɓen 2023 da ita. Da APC ta tsayar da Tinubu da Shettima, tikitin Musulmi da Musulmi, kuma ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ta fito ta yi tir, sai na ɗauki abin kamar yaƙin bangaskiya. Ranar 25 ga Fabrairu tun asuba na bi layi da katina, na zaɓi Peter Obi, a raina kuwa ji nake kamar baiko na kai.

Ina da aminiya a zumunta, kusan shekara ashirin muna tare. Ita ke buga tulu, ni ke ba da waƙa. Ita ta kwana da ni a asibiti lokacin haihuwar autana. Mijinta ɗan APC ne na gani-kashe-ni a mazaɓarmu, ita ma ta bi shi, ba ta kuma ɓoye ba. Hujjarta ita ce matar Tinubu ma ai fasto ce, kuma addinin mataimaki ba ya sa tuwo a tukunya. Wata Talata bayan an tashi daga zumunta, gardama ta yi zafi, na ce mata Yahuza ma, wanda ya ci amanar Yesu, da azurfa talatin ya fara. Baba, a gaban mata na faɗa. Ta dube ni, ta ɗauki jakarta, ta fita.

Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota da na masara suka tashi, abin kunya, daɗi na ji. Idan na gan ta a kasuwa tana ƙirga canji sai in ce a raina, ai ga sakamakonku nan. Alhali ni ma da ƙyar nake cika mudu.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne ranar Jibin Ubangiji, ranar da muke cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. Benci ɗaya muke zama, don duk 'yan zumunta wuri guda ne, zane iri ɗaya a jikinmu. Dattijo ya miƙo faranti, ita ta karɓa ta miƙo mini ba tare da ta ɗago kai ba, ni ma na ɗauki ɗan ƙoƙon ina kallon ƙasa. Na san abin da Matiyu 5 ya ce, a bar baiko a gaban bagade a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Na sani, amma na sha. Wata bayan wata haka nake yi.

Addu'ata ma ta canja. Bulus ya ce wa Timoti a yi addu'a domin masu mulki, amma idan Baba fastonmu ya kira sunan shugaban ƙasa sai bakina ya yi nauyi, amin ta maƙale. Da safe kuwa kafin in buɗe Littafi Mai Tsarki sai na leƙa WhatsApp, inda zauren ikilisiyarmu, wanda aka buɗe don sanar da rasuwa da biki, ya koma filin kamfen. Ga 2027 na ƙaratowa, har an fara wasa wuƙa.

Kada ka ce na yi nadamar ƙuri'ata, ban yi ba. Mun binne mutane a ƙauyukan Kudancin Kaduna, ba zan yarda a ce Kirista ya yi shiru kan wanda zai mulke shi ba. Amma kwanan baya ɗana, da ya dawo daga makarantar Lahadi, ya ce an koya musu cewa cikin almajirai goma sha biyu akwai Matiyu mai karɓar wa Romawa haraji, akwai kuma Saminu ɗan kishin ƙasa, kuma a akushi ɗaya suke ci. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

To Baba, yaya zan nemi gafararta ba tare da ta ɗauka na yarda zaɓinta daidai ne ba? In je gidanta ni kaɗai, ko in nemi uwar zumunta ta raka ni, tun da a gaban mata na ci mata mutunci? Kafin nan, in ci gaba da ɗaukar Jibi ko in dakata? Lahadin farko na wata mai zuwa ne za a sake yi.

'Yarka cikin Ubangiji,
daga Kaduna.