Ƙorafi ga kamfanin da ke raba mana wutar lantarki: ku zo ku duba layinmu kafin a rasa rai

Assalamu alaikum, Malam Manaja.

Ni kwastomanku ne, mitar kati gare ni, ba ku bina ko sisi, na faɗi wannan tun farko ne saboda na san halin ma'aikatanku, da mutum ya buɗe baki sai a ce je ka kawo rasit tukunna. Na rubuto a fili ne don an je ofishinku na yanki an rubuta a takarda an yi waya, kullum amsar ita ce za a turo mutane, har yau ba mu ga wanda aka turo ba sai masu yankan wuta, su kam tsaninsu ba ya makara.

Maganar farko ita ce wayar da ta taso daga taransifoma ta bi ta layinmu. Falwaya guda ta karkace tun daminar da ta wuce, wayar ta yi ciki ta sauko har sai da mai motar yashi ya sa yaronsa ya ɗaga ta da gora kafin ya wuce, kuma a ƙarƙashinta ne 'yan Islamiyya ke bi safe da yamma. In iska ta taso wayoyin sai su riƙa haɗuwa suna tartsatsi, kana cikin ɗaki kana jin fat fat. Ita kanta taransifomar ba shinge, akwatin fis ɗin ba murfi, an cire fis na gaskiya an naɗa wayar jan ƙarfe a madadinsa, ga awaki ga yara na wasan ƙwallo a gindinta. Wallahi ko wanda bai san komai a harkar wuta ba ya kalli wajen ya san ba daidai ba ne.

To abin da muke tsoro ya fara faruwa. Ranar wata Juma'a da daddare aka kawo wuta, ƙwan ɗakina ya yi wani irin haske kamar rana sannan ya fashe, fanka ta ɗauki gudu da ƙara, kafin in kai hannu in kashe babban makunni firij ya fara warin ƙuna. Gidan maƙwabcina talabijin da cajar waya, wata baiwar Allah mai sayar da ƙanƙara da zoɓo firizanta biyu suka tafi, da su take ciyar da marayu. A ɗaya ɓangaren layin kuma wutarsu ko ƙwai ba ta iya kunnawa. Mai wayarin ɗin da muka kira ya ce wayar nitiral ce ta tsinke daga wajen taransifoma, kuma in ta tsinke wutar da ya kamata ta tsaya wajen bolt 230 sai ta rikice, wasu gidaje ta yi ƙasa wasu ta haura ta nufi 400, ba na'urar gida da za ta jure wannan, ko sitabilaiza ma wani lokacin ita ce ke fara ƙonewa. Daga wajenku matsalar ta zo, wayarin gidajenmu lafiya lau yake.

Da muka kai magana sai wani ma'aikacinku ya ce mu yi karo-karo mu sayi waya da falwaya. Haba Malam. Hukumar NERC mai sa ido kan kamfanonin wutar lantarki ta sha faɗa cewa taransifoma da falwaya da wayar kan titi alhakin kamfani ne ba na kwastoma ba. Tun Nuwamban 2013 aka miƙa rabon wuta hannun 'yan kasuwa aka ce za a zuba jari a gyara, amma har yanzu mai unguwa ne ke bi gida gida da littafi yana karɓar dubu biyu biyu, in an sayo kayan kuma su zama naku.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ya fi ƙona min rai. Kun sa mu a Band A, rukunin da kuɗin wutarsa ya fi tsada. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wannan rukuni daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage ya dawo sama da 200 kaɗan, da sharaɗin za a ba mu aƙalla awa 20 a rana. Kafin ƙarin, katin dubu goma yana ba ni yunit sama da 130, yanzu in an cire harajin VAT yunit 44 ne da ɗan ɗoriya. Dutsen guga mai wat 1000 in ya yi awa guda ya cinye yunit ɗaya cur, hitar dafa ruwa ma haka, shi ya sa uwargida ta koma dutsen gawayi, muka canza duk ƙwayayen gidan zuwa LED, firij kuwa kafin ya mutu da dare kawai muke kunna shi. Mun yi namu iya yi. Amma ina awa 20 ɗin? A lokacin zafi in mun samu rabinta mun gode Allah, kuma yawanci tsakar dare ake kawowa lokacin da tela da mai walda da mai niƙa duk sun rufe, da rana a koma janareta, fetur kuwa tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda yake.

Ban ce duk laifinku ba ne, lokacin da Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024 saboda lalacewar manyan layuka ba wanda ya zo ƙofarku da faɗa, kuma na san akwai masu satar wuta ta bayan mita a cikinmu, ku kama su ba ruwana. Amma ƙa'idar da aka kafa ta ce in layin Band A ya yi kwana bakwai a jere bai samu awanninsa ba a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da abin da yake samu. Mu mun wuce kwana bakwai tun tuni, kuɗin ne kawai bai sauka ba.

Abin da nake roƙo, ku turo injiniya a makon nan ya miƙe falwayar ya ɗaure wayar, a gyara nitiral ɗin gyara na gaske ba ɗaurin talala ba, a sa fis a kewaye taransifomar. Ku aiko wanda zai rubuta kayan da suka ƙone gida gida, mun ajiye su ba mu zubar ba, mu ji me za ku yi a kai, musamman baiwar Allahn nan mai ƙanƙara. Sannan ko ku cika awa 20 ko ku sauke mu zuwa rukunin da ya dace da mu, mu biya kuɗin abin da muke sha. In kwanakin aiki 15 suka wuce ba mu ji komai ba za mu kai takardar da mutanen layi suka sa wa hannu ofishin sauraron ƙorafi na NERC, da hotunan wayar zuwa hukumar NEMSA mai kula da lafiyar kayan lantarki.

Na gode.
Kwastomanku, a madadin mutanen layinmu.